Alƙali Ya Ƙi Shan Ruwa

Ubansa ne ya laƙaba masa Alƙali tun yana koyon zama, saboda ko rawa aka taka a gabansa ba ya dariya. Sai ya ɗaure fuska ya kalli gefe, kamar wanda aka kawo wa ƙarar da ba ta da kan gado. Sunan ya bi shi har ya haɗiye na uwarsa. Daga masu kawo mata ɗinki har mai gidan da suke haya, kowa Maman Alƙali yake ce mata. Da ya shekara uku bai ce uffan ba, likita ya ce otizim ne, maƙwabta suka ce galahanga, ita kuwa ta ce kowa ya riƙe sunansa, ita dai ɗanta ta sani.

Yanzu shekararsa tara, kuma ya daina shan ruwa a gida.

Ba ragewa ya yi ba, dainawa ya yi ƙaf. Da can da fida yake sha, irin ta jarirai, kuma ba wanda abin ya dama sai Malamar ajinsu. Ita ce ta tsare Maman Alƙali a bakin ƙofa bara, ta ce ƙato kamar wannan da fida a baki ba gata ba ne, a jefar, ita za ta koya masa kofi. Aka jefar. Malama kuwa ba ta yi ƙarya ba, ta koya masa, har hoto ta aiko a waya. Sai dai kofin nan a makaranta ya tsaya. A gida in an ajiye masa ruwa, sai ya shimfiɗa tafukansa a kan tebur ya zuba wa bango ido. Uwar ta yi lallashi, ta yi waƙa, ta yi faɗa, ta fita ta bar masa ɗakin ta laɓe tana leƙe. Ta sayo sabuwar fida a ɓoye, ya ture ta kamar bai taɓa ganin irinta ba. In ta matsa masa da cokali sai ya datse haƙora, ruwan ya bi wuyan riga.

Ranakun makaranta da sauƙi, yana dawowa da ruwa a cikinsa, ta ƙara masa da kankana da lemo. Ƙarshen mako ne tashin hankali. Wannan karon kuma aka yi zafi, Alƙali ya yanke hukunci a kan kankanar ma. Kafin yammacin Lahadi leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, sai asibiti. Sai da ma'aikata suka danne shi kamar ɓarawo kafin allurar ƙarin ruwa ta shiga. Wata nas ta dubi Maman Alƙali sama da ƙasa ta ce, "Ke kuwa kina ina har yaro ya bushe haka?" Ta haɗiye maganar, ba don ba ta da amsa ba, sai don ta san wadda za ta kai wa. Ga shi kuma a ƙarshen makon nan za a ba da dogon hutu. Ba makaranta, ba ruwa ke nan.

Ajin su Alƙali yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiyar tsintsiya da bokitai, inda makarantar ke tura duk abin da ba ta so baƙi su fara gani. A ciki kuwa Malama ta kafa mulkinta. An rufe fitilun silin da ƙyalle don haskensu na damun yaran. An cusa wa ƙafafun kujeru tsofaffin ƙwallaye don kada su yi ƙara. Jikin bango hotuna ne a jere, na buroshi, na kofi, na bayan gida, kowane yaro da nasa jerin, in an gama abu a cire hotonsa. A ƙasa, daidai bakin ƙofa, an manna wani jan layi, kuma dokar Malama ce iyaye ba sa tsallake shi. A nan ake miƙa yaro, a nan ake karɓarsa, kamar kaya a tasha.

Ran Litinin Maman Alƙali ta tsallake shi, ko saurinta ba ta rage ba.

Malama tana durƙushe tana gyara wa wata yarinya maɗaurin kekenta. Sarauniya suke ce wa yarinyar. Ba ta iya riƙe wuyanta, amma ba abin da zai wuce a ajin bai biya ta idonta ba. Malama ta ɗago. Siririya ce mai tabarau, da takalmin roba wanda ba ya sauti, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Abin da ya fi ƙona wa Maman Alƙali rai ke nan, mace ta wanke ka tas da muryar lallashi, ka rasa inda za ka kai ƙara.

"Maman Alƙali, kin taka layi."

"Na taka. Ki kira 'yan sanda." Ta ɗaga hannun yaron ta nuna filastar da ke bayansa. "Kin ga aikinki? Jiya a asibiti muka ƙare. Kin raba shi da fidarsa, kin ba ni yaron da ba ya shan ruwa, kin koma gidanki kina barci lafiya lau."

Wani yaro mai abin toshe kunne ya fara kaɗa jiki gaba da baya yana gurnani. Malama ta yi wa mataimakiyarta alama da ido, ta zo ta ja Alƙali zuwa kujerarsa.

"Ki rage murya. Akwai waɗanda ƙara ke yi musu zafi kamar mari." Ta dubi filastar, ta ɗan jima tana dubanta. "Me ya sa ba ki gaya mini abin ya kai haka ba?"

"Sau nawa na gaya miki a bakin ƙofar nan? Me kika ce? Cewa kika yi in daina shagwaɓa shi."

"A nan dai yana sha," in ji Malama.

A hankali ta faɗa, amma da almakashi ta ɗauka ta soka mata da ya fi sauƙi.

"Koma bakin ƙofa ki tsaya, ki gani da idonki."

Malama ta ɗauko wani shuɗin kofi na roba, ta zuba ruwa rabi, ta zagayo gefen yaron ta ajiye a gabansa. "Sha," ta ce, sau ɗaya tak, sannan ta juya tana goge wa Sarauniya haɓa. Alƙali ya miƙa hannu biyu ya ɗauka ya kafa kai. Maman Alƙali ta tsura wa maƙogwaronsa ido yana hawa yana sauka. Watanni rabonta da ganin haka. Daɗi da baƙin ciki suka taho mata tare, ta rasa wanda za ta fara haɗiyewa.

"Kin gani?" Malama ta ɗauke kofin. "Matsalar ba a ajina take ba."

"Ba ni kofin."

Ta zuba da kanta, ta ajiye a inda Malama ta ajiye, ta durƙusa a gabansa. "Sha, Alƙalina. Sha, ɗan albarka. Ka ga Mama ce." Ya shimfiɗa tafukansa a kan tebur ya kalli bango. Kofin ɗaya, ruwan ɗaya, kujerar ɗaya. Ta ji kunya ta rufe ta a gaban yaran da ko magana ba sa yi.

"Ba sai uwarsa ba, kowa ya ba shi yana sha," in ji Malama, ta miƙa wa mataimakiyar kofin. "Nuna mata."

Mataimakiyar ta ajiye, ta ce "Sha," ta tsaya tana masa murmushi. Ko gezau. Ta sake faɗa. Alƙali ya ci gaba da sauraron ƙarar da ke gabansa a jikin bango.

"Wa ke ba shi in ba kya nan?" Maman Alƙali ta tambaya.

Mataimakiyar ce ta ce, tana kallon ƙasa, "Ai Malama ba ta fashi. Kuma na Alƙali ita ke yi da kanta."

"Da hannuna a kan nasa na fara," in ji Malama, kuma a karon farko maganarta ta fito da ɗan sauri. "Daga nan na koma wuyan hannu, na koma gwiwar hannu, na koma kafaɗa, har na daina taɓa shi gaba ɗaya. Haka ake yi, ana janye taimako kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Na janye komai. Shi kaɗai yake sha."

"Shi kaɗai, amma sai ke. Sannu da ƙoƙari."

Malama ta cire tabarau ta goge da bakin riga ta mayar. Wata macen da ta ce a yi haƙuri. Ita cewa ta yi, "Ki rufe shago. Kullum ki zo da shi ki zauna har a tashi. Kafin hutu dole ya sha a hannunki."

Haka aka shiga makon, ɗinkin mutane na jibge a shago, wayarta na ta ruri tana kashewa.

Baban Alƙali mai gyaran wuta ne, ya saba da cewa duk abin da ya ƙi aiki akwai inda wayarsa ta tsinke. Ya ce a bi abin daki-daki. Da yamma ya je makarantar ya aro shuɗin kofin, kashegari ya ɗauro har kujerar a bayan babur, da ƙwallayenta da komai. Alƙali ya hau kujerar a tsakiyar falonsu, ya gyara zama, ya kalli bango. Uban ya sosa ƙeya ya mayar musu da kayansu, ya ce shi dai roƙonsa kada mata biyu su ƙarasa masa ɗa da gardama.

A aji kuwa Malama ta mai da ita ɗaliba, kuma ba ta ɓoye cewa daƙiƙiya ta samu ba.

"Sau ɗaya ake faɗa. Ke sai kin jero masa waƙa."

"Sha."

"Da roƙo a muryarki. Ba bara kika zo ba."

"Sha!"

"Yanzu kuma faɗa kike."

Ta sa mata rigar aikinta mai aljihu a gaba, ko ƙanshin ne. Ta sa ta tsaya a dama, ta sa ta tsaya a hagu. Aka gwada Malama ta ajiye kofin uwar ta yi magana, aka gwada uwar ta ajiye Malama ta yi magana, su biyu a tsaye a kansa kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Aka gwada uwar ta ajiye ta fice waje. Alƙali bai ɗaga ko ɗan yatsa ba. In an gaji, sai Malama ta kore su gefe ta ba shi da kanta don kada ya yini haka, ya kuwa shanye. A lokacin Maman Alƙali baranda take ficewa. Kallon farko ya ishe ta, ba za ta tsaya tana ganin ɗan da ta haifa yana yi wa wata abin da ya hana ta ba.

Ba wai ba ta ga aikin matar ba. Ta ga yadda take gane Sarauniya na son a juya ta tun kafin ta yi kuka. Ta ga ta yini tana koya wa yaron nan mai toshe kunne ya miƙa hoton bayan gida maimakon ya jiƙa wando, ranar da ya miƙa kuwa har mataimakiyar ta yi hawaye. Ta ga tana canza wa manyan yara ƙunzugu ko fuska ba ta yamutsawa. Duk ta gani, kuma duk ya ƙara mata haushi, don mutum ya fi jin daɗin ƙin wanda bai iya komai ba.

A tsakiyar mako abin ya fashe. Malama ta ce mata, "Kin tsaya masa a ka kina numfashi kamar wadda ta yi gudu. Tsoronki yake ji. Ko ni ce ba zan sha ba."

"Ba ki taɓa haihuwa ba, shi ya sa," in ji Maman Alƙali. "Kin rasa naki kin zo kina tara na mutane."

Mataimakiyar ta ga aikin gaggawa a cikin kabad. Malama ta ɗauko tsumma ta goge teburin da ba abin da ya zube a kansa.

"Gaskiya ne, ban haifa ba. Shi ya sa nake da lokacin gyara na waɗanda suka haifa."

Zuciya ta ɗebi Maman Alƙali. Ta fizgi kofin, ta tallafo ƙeyar yaron ta kafa masa a baki. "Za ka sha! Ni na haife ka, za ka sha!" Alƙali ya ƙwalla wata ƙara, ya doke kofin ya yi sama, ya fara buga goshinsa a tebur. Kafin bugu na gaba Malama ta riga ta shimfiɗa hannunta tsakanin goshin da katako. Ya buga a kan hannun, ya sake bugawa, sannan ya kama wuyan hannun da haƙora. Ba ta janye ba. Ajin ya hargitse, mai toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur, Sarauniya na wani irin kuka siriri.

"Fita," in ji Malama, haƙoran yaron na cikin namanta, muryar nan tata ko rawa ba ta yi ba. "Koma bayan layi."

Ta fita. Ta shige ɗakin tsintsiya ta jawo ƙofa, ta zauna a kan bokitin da aka kife, ta toshe bakinta da mayafi ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba. Ta tsani matar nan. Ta fi tsanar cewa ba hannunta ne ya riga zuwa tsakanin goshin ɗanta da tebur ba.

Kashegari ta dawo, don ba ta da inda za ta. Malama da bandeji a hannu, ba wadda ta gai da wata.

Ranar ba da hutu ajin ya zama wani iri. An kwashe hotunan bango an zuba a kwali, an ɗaure wa kowane yaro kayansa a leda. Barandar ta cika da iyayen sauran azuzuwa, ana ta dariya ana ɗaukar hoto. An yi gwajin ƙarshe da safe, bai sha ba. Malama ta ce za ta rubuta wa likita bayani, in abin ya ƙi a riƙa kai shi ƙarin ruwa. Wato dai a riƙa danne shi. Maman Alƙali ba ta ma da ƙarfin yin tsaki.

"Bari in ba shi na ƙarshe, ya tafi da shi a cikinsa," in ji Malama.

Maman Alƙali ba ta fita baranda ba yau, ba za ta iya shiga cikin masu dariya da wannan fuskar ba. Ta jawo wata 'yar kujerar yara a gefen taga ta zauna, gwiwoyinta kusan a ƙirji. Daga nan tana ganin fuskar ɗanta ta gefe, tana ganin Malama gaba ɗayanta.

Malama ta ajiye kofin. "Sha." Ta juya tana ninke bargon Sarauniya.

A nan Maman Alƙali ta ga abin da ya sa jininta ya tafasa. Idanun ɗanta, idanun nan da ba sa sauka a kan kowa, waɗanda ta yi shekara tara tana farautarsu da waƙa da tafi da kayan wasa, sun baro bango sun sauka a bayan Malama. Ya ɗauki kofin yana sha, yana kallon bayanta ta saman kofin, bai ko ƙifta ba. Ita kuwa baiwar Allah tana can tana daidaita kusurwar bargo.

"Ko kallonsa ba kya yi!" Ba ta san ta miƙe ba. "Ki ajiye masa ruwa ki ba shi ƙeya kamar kin zuba wa kaza! Shi yana nan ya zuba miki ido, abin da ni bai taɓa yi mini ba, ke bargo ya fi miki!"

Malama ta juyo da sauri. Tana juyowa Alƙali ya sauke kofin daga bakinsa, da sauran ruwa a ciki, ya ajiye, ya shimfiɗa tafukansa a kan tebur.

Malama ta buɗe baki za ta ce a rage murya, sai ta tsaya. Ta dubi kofin. Ta dubi yaron.

"Me kika ce yana kallo?"

"Bayanki. Kurma ce ke?"

Malama ta ɗaga kofin ta sake ajiyewa a gabansa. "Sha," ta ce, ta tsaya tana fuskantarsa. Shiru. Alƙali ya yi mata abin da yake yi wa kowa, ya kalli bango. Ta jira har jiran ya yi nauyi. Sannan a hankali, ba tare da ta ɗaga ƙafa daga wurin ba, ta juya masa baya. Hannayensa suka tashi.

Ta bari ya kurɓa, ta juyo, ya ajiye.

Malama ta nemi gefen tebur ta dafa. Fuskarta ta yi wani iri, kamar wadda ta taka matakalar da babu.

"Da na daina taɓa kafaɗarsa," ta ce, ba uwar take gaya wa ba, "sai na riƙa kau da kai don kada ya jira idona. Sarauniya na kusa, sai in juya gare ta. Kullum haka. Na ɗauka na janye komai. Ashe juyawar yake jira. Ba ya so a tafi, ba ya so a kalle shi. Wanda ya ajiye ya tsaya nan, ya ba shi baya."

"Wato ke kika koya masa."

"Ni na koya masa. Ba na ganin bayana." Ta miƙe, muryar ta koma yadda take. "Bayan hutu zan warware shi a hankali. Yanzu ba lokaci. Matso nan."

Maman Alƙali ta so ta tsaya ta ci wannan nasarar, ta juya ta a baki, ta sa matar nan ta maimaita a gaban mataimakiyarta. Amma ga kofin a hannunta an riga an danƙa mata, an ƙara ruwa.

Ta tsaya a gefensa. Ta ajiye kofin a gabansa. "Sha," ta ce. Ta juya.

Ba ta taɓa sanin juya baya aiki ba ne sai yau. Tun da aka haife shi idonta na kansa. Tana ɗinki tana kallonsa, tana girki tana leƙensa, ko wanka za ta shiga sai ta bar ƙofa a buɗe. Yaron da in ka ɗauke ido ya hau taga, ko ya cusa maɓalli a baki. Wuyanta ya ƙi. Ta ji wani ɗan motsi, ta waiga.

Hannunsa ya kusa kai wa kofin. Ya janye shi ya shimfiɗa.

"Kin ɓata," in ji Malama.

"Na ji motsi ne."

"Motsin muke nema. Sake."

Ta ɗaga kofin ta ajiye. "Sha." Ta juya. Wannan karon Malama ta zagayo ta tsaya a gabanta daf da daf, ta kama kafaɗunta biyu, da hannun lafiya da mai bandeji, ta riƙe gam.

"Ni za ki kalla."

"Sake ni."

"In kin waiga ya tafi hutu haka. Zaɓi naki ne."

Dole ta kalle ta. Ba ta taɓa ganin fuskar nan kusa haka ba. Ƙafar tabaran ɗaya da zare aka ɗaure ta, ɗaurin ma na wanda bai iya riƙe allura ba. Ƙasan idanun ya yi baƙi. Ta leƙa gilashin ko za ta hango inuwar ɗanta a ciki, ba ta ga komai ba sai hasken taga. A waje iyaye na ta dariya. Sarauniya ta karkato ido tana kallonsu. Bayan Maman Alƙali ya yi zafi kamar ta jingina da murhu, duk jikinta ya koma kunne.

Shiru. Shirun ya yi tsawo har ta fara cewa a ranta shi ke nan, bayan ma sai na Malama.

Sai ta ji gindin kofi ya gogi tebur.

Yatsun Malama suka ƙara nutsewa a kafaɗarta. Sannan sautin ya zo, ƙwat, ƙwat, ƙwat, a bayanta, kusa, ko hannu ta miƙa za ta taɓa shi.

"Yana sha?" ta tambaya ta cikin haƙora.

"Ba ki ji ba?"

Tana ji. Ta runtse ido ta buɗe. Ba ta so ta nemi komai a wurin matar nan, ko da gishiri ne, amma ba wanda zai gaya mata sai ita.

"Ina yake kallo?"

Malama ta ɗaga ido ta saman kafaɗarta, ta ɗan jima.

"Ke."

"Kada ki yi mini ƙarya don ki wanke kanki."

"Yaushe na taɓa gaya miki abin da zai yi miki daɗi?"

Hawayen suka zubo, ba ta da hannun sharewa, ba ta kuma yarda ta motsa ba. Suka bi kumatu suka sauka a kan bandejin. Ɗanta yana kallonta, kuma ita kaɗai ce a ɗakin nan ba za ta gani ba.

"Ban yafe miki ba, Malama."

"Ban roƙa ba. Tsaya yadda kike, bai gama ba."